Mangwaron Fada a Gonar Aro

A shekarun da kuɗin fetur suka cika hanyar Birnin Kudu da motoci, akwai wata 'yar makarantar Katolika a gefen Zandam, ɗaki biyu da rufin kwano, kowa na ce mata makarantar Fada. Filin ba na coci ba ne. Malam Ishiyaku ne ya ba su aro kafin ya rasu, har ya kai 'yarsa Zuliha ta zauna cikin 'ya'yan Maguzawa. Ga Zuliha ta kai ajin ƙarshe, jarrabawar shiga sakandare na tafe bayan kaka, uwarta Kubra kuwa ta sa rai ƙwarai.

Sai Fada, Baturen da ke zuwa daga Kano a babur, ya tafka kuskure. Ya ga yara na hutu cikin rana, ya kawo dashen mangwaro ya jera a bakin filin. A ranar, Malam Dogara, malamin makarantar, ya tafi cin kasuwar Gwaram. Da ya dawo ya gani, sai ya dafe kai. Duk ƙasar an san mai aro ba ya dasa itace. In ya dasa, ya nuna yana son cin gonar ke nan, aro kuma ya ƙare.

Abin da Alhaji Ƙasimu ke jira ke nan. Ƙanin marigayin ne, mai motocin haya, ya daɗe yana kwaɗayin filin don ya yi tasha. Tun ganyen dashen bai miƙe ba ya kai ƙara wajen dagaci, aka taru a filin da hantsi. Malam Dogara ya yi ta roƙo, yana cewa rashin sani ne.

"Baturen da ya iya gaisuwa har da tambayar gajiya, shi ne bai san aro ba?" in ji Alhaji. "Ku kwashe bencinku."

Dagaci ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai ga Kubra ta ratso taron, ɗamara a ƙugu, fartanya a kafaɗa. Ba ta kula kowa ba. Ta sunkuya ta tumɓuke dashen farko, ta tumɓuke na biyu, ta bi layin har ƙarshe. Alhaji ya washe baki yana sa mata albarka, wai ashe matar yaya ta dawo hanya. Zuliha kuwa, daga tagar aji, hawaye take yi.

Kubra ta share gumi. Sannan ta ɗauki dashen farko, ta haƙa sabon rami kusa da tsohon, ta sa shi, ta take ƙasar da diddige. Haka ta yi wa sauran ɗaya bayan ɗaya.

Ta durƙusa gaban dagaci. "Ranka ya daɗe, na Fada ya fita. Wannan wa ya dasa?"

"Ke kika dasa."

"Gonar ta wa ce?"

Dagaci ya shafa gemu. "Ta marayun Ishiyaku."

"To, uwar marayu ta dasa musu itace a gonarsu. Aron da ubansu ya bayar yana nan yadda ya bar shi."

Dattawa suka dubi juna, dagaci ya ce aro na nan daram. Alhaji ya kumbura, ya rantse daga yau ko ƙwayar gero ba za ta sake shiga gidanta daga hannunsa ba. Maganar ta daki Kubra, don rumbunta ba ya kai su damina. Amma ta miƙe ta saɓa fartanyarta.

"Alhaji, ka ga abin da na zo da shi a kafaɗa. Da shi zan koma."

Ta juya ga Malam Dogara, ta ce ya gaya wa Fada, in ya sake sha'awar inuwa, ya fara tambaya tukuna. Sannan ta nuna tsohon ƙarfen motar da ke rataye a ƙofar aji a madadin ƙararrawa.

"Malam, buga. Rana na yi, yarinyata na da jarrabawa."