Gilashin da Ya Yi Numfashi

Ilya ya hana kowa taɓa bargunan. Shi ya naɗe tagar a Sevran da hannunsa, shi kuma zai kwance ta a Lyon. Ma'aikatan ɗakin gwaji suka koma gefe suna kallonsa yana zare bargo ɗaya bayan ɗaya, yana hura wa gilashin iska yana gogewa da hannun riga.

Taga ce mai tsawon mutum, jikinta alminiyum. Wani otal a tsibirin Guadeloupe ne ya ce a yi masa irinta, can inda guguwar teku take ɗaga mota ta ajiye a gonar wani. Madam mai atiliyen, wato masana'antar da yake aiki, ba ta ɓoye wa Ilya komai ba. In tagar ta ci gwaji, akwai aikin shekara guda, kontirarsa, wato takardar ɗaukarsa aiki, kuma ta zama ta dindindin. In ta faɗi, babu aiki, kuma wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya. Ilya ne ya zo ƙarshe. Ya haura hamsin, ya kuma san babu mai jiran ɗan hamsin.

Shi ya zaunar da gilashin a mazauninsa. Shi ya zagaye shi da mastik, ƙaron nan baƙi da ke riƙe gilashi. Sau uku yana kankarewa yana sakewa don layin bai yi masa ba.

A hanyar zuwa, cikin kamiyo, babbar motar da ta ɗauko tagar, Rachidou, injiniyan atiliyen, ɗan Tahoua, sa'an ƙanensa, ya fara yi masa bayani wai gilashin zai fashe, kada ya damu. Ilya ya ce ya kame bakinsa. Tun yana haɗa ƙofofi a Maraɗi bai taɓa jin mai sana'a yana yi wa aikinsa mugun fata a kan hanya ba. Rachidou ya ce ba fata ba ne, tsarin ke nan. Ilya ya ƙara muryar rediyo. Haka suka iso.

Shi a zatonsa fanka zai gani, babba. Sai ya ga bututun ƙarfe mai tsawon kamiyon da suka zo da shi, bakinsa na kallon inda aka ɗaure tagar. Wani Bature mai furfura ya jawo katako irin na rufin ɗaki, ya miƙa wa Rachidou alƙalami.

"Kawu, karɓi," in ji Rachidou. "Guguwa ma suna gare ta. Wanda ya haɗa taga shi ke raɗa wa katakon suna. Yawanci na surukarsu suke sawa."

Ilya ya ce surukarsa mutuniyar kirki ce, kuma labari ba ya daɗewa bai kai Maraɗi ba. Ya duƙa ya rubuta sunan da ya fi iya rubutawa, nasa. Aka zura katakon a bututu. Sai a lokacin ya gane abin da za a yi.

Aka mayar da su bayan shinge. Baturen ya danna wani abu. Bututun ya yi tari guda, irin wanda ake ji a ƙirji kafin kunne. Ilya bai ga tafiyar katakon ba. Ya ga dai yana cikin bututu, sai ga shi a ƙasa ya tsage biyu. Gilashin da ya goge da hannun riga ya yi fari fat, tsaga ta ko'ina kamar saƙar gizo.

Matarsa Husainatu ce ta faɗo masa a rai, yadda ta ɗaure masa dambu da safe ba ta tambaye shi komai ba. Ya je ya fara ninke bargunansa.

Rachidou ya riƙo hannunsa. "Ina za ka, Kawu? Yanzu fa aka zo kan aikinka."

Wannan karon babu rediyo. Rachidou ya ce gilashi biyu ne, da fatar roba a tsakani. Fashewa dole ne, ba gilashin da katako ba ya fasawa. Abin da ke kashe gida shi ne iska ta samu ƙofa, ta shiga, ta ɗage rufi daga ciki. Abin da za a duba yanzu shi ne ko fasasshen zai zauna inda aka zaunar da shi. Wato mastik.

Bayan tagar akwai wani ƙaton akwati a rufe. Aka kunna injinsa, yana tura iska yana zuƙewa. Sai gilashin ya kumbura waje. Ya lotsa ciki. Ya sake kumbura.

Ilya ya saki bargon.

Numfashi yake yi. Wallahi numfashi, kamar haƙarƙarin bijimi a kwance. Kowace kumbura sai tsagogin su yi ƙara siririya kamar an watsa gishiri a wuta, haske ya bi su ya dawo. Ya tuna iskar da ta taɓa kwashe kwanon unguwarsu gaba ɗaya a Maraɗi, har suka tsinci na gidansu a maƙabarta. Tun daga ranar yake zaton ya ga iyakar iska. Ya sa Rachidou ya tambayi Baturen. Baturen ya ji bayani, ya nuna allon injin, ya ce waccan ƙanwar wannan ce.

To, ga ta nan a cikin akwati, tana dukan abin da ya riga ya fashe, ta kasa wucewa. Ilya ya matso iya inda aka yarda. Ya zare zare daga bakin hularsa ya riƙe saitin tagar. Zaren bai motsa ba. Ya kai idonsa gefe, kan baƙin layin da ya ja da hannunsa, yana miƙewa yana komawa, yana miƙewa yana komawa. Ya fita ya yi azahar a bayan kamiyo, ya dawo, tagar tana nan tana numfashi. Ya yi la'asar, haka.

Da aka kashe injin, shirun sai da ya ba shi tsoro. Baturen ya bi gefen gilashin da yatsa har ya zagayo, ya ɗaga kai ya tambayi wa ya ja layin nan. Rachidou ya nuna. Baturen ya gyaɗa kai kawai. Madam ta bugo waya, ta ce a gaya wa Ilya ya zo Litinin da biro, zai sa hannu.

Ma'aikata suka kwance tagar za su kai inda ake jibge waɗanda aka gama da su. Ilya ya sha gabansu da bargo.

"Kawu, ai ta riga ta fashe."

"Na gani. Riƙe can. A hankali."

Suka naɗe ta, ya ƙara mata bargon da yake zama a kai. Rachidou ya ɗago ɓarin katakon, rabin sunan Ilya a jiki.

"Wannan fa?"

Ilya ya dube shi, ya ja igiyar bargunan ya ƙulle.

"Wannan bar musu."