Hancin Mai Turare

Shekara ashirin da shida ya yi yana haɗa turare a wani ɗan shago da ke ƙasan bene, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a layin. Kowa Hanci yake ce masa, har matarsa idan ta bushi iska tana son tsokana. Mutum zai shigo da tsohuwar kwalba wadda ba abin da ya rage a gindinta sai ɗigo ɗaya, ya ce irin wannan yake so. Hanci ya shanshana murfin, ya lumshe ido, ya ce, "Akwai wardi, akwai sandal, amma wanda ya haɗa ya yi rowar miski." Kafin mai kwalbar ya gama gyara zama an haɗa masa wanda ya fi nasa.

Ƙaninsa ne ke tsayawa a kantar shagon yana ɗura wa mutane turare. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ga haƙuri ga riƙon amana, sai dai bai iya bambanta ƙamshi ba ko kaɗan. Hanci kan ce masa, "Kai dai naka hancin don rataya tabarau aka yi shi."

Abin ya fara ne da toshewar hanci, ɓangaren hagu kawai. Ya ɗauka mura ce. Ya sha magani, ya yi sirace, wata uku ba ta sake shi ba. Daga nan haɓo ya fara zuwa, ɗan kaɗan, yawanci idan ya sunkuya. Ranar da wani haƙorinsa na sama ya fara girgiɗi, kuncinsa kuma ya yi dundum kamar ba nasa ba, mai kantin magani ya ƙi sayar masa da komai.

"Maƙwabci, wannan ya wuce kantina. Ka tafi asibiti yau, ba gobe ba."

An yi hoto, an yanki ɗan nama an kai gwaji. Bayan mako biyu likitar ta kira shi shi da matarsa. Mace ce marar yawan magana. Ta ɗauko ƙoƙon kai na roba daga kan kabad, ta buɗe shi gida biyu a kan tebur.

"Ka ga nan? Hanci ba ƙofofi biyu ba ne kawai. Ciki ɗaki ne, an raba shi da siririn bango. Can sama a rufin ɗakin jijiyoyin jin ƙamshi suke. A gefe kuma, cikin ƙashin kunci, akwai wani kogo, ƙasansa shi ne saman bakinka, inda haƙoran sama suka kafu. Ƙari ne gare ka, ciwon daji, a kogon nan ya fara. Ya ci bango ya shiga hanci, yanzu sama yake nema."

"Cire shi za a yi?" in ji matarsa.

"Da shi da ƙashin da ya kama. Rabin muƙamuƙin sama na hagu, da haƙoran da ke jikinsa, da rabin ganɗa, wato saman baki."

Hanci bai ɗauke ido daga rufin ɗakin nan na roba ba. Wuri ne da bai fi farcen ɗan yatsa ba. "Likita, ƙamshi fa?"

Ta mayar da rabin ƙoƙon ta rufe. "Ba zan yi maka alkawari ba."

An yi tiyata, an dace, haka kowa ya ce. Aka yi masa wani abin roba mai haƙora wanda yake sawa ya toshe ramin da aka bari tsakanin baki da hanci. Idan ya cire shi, ruwan da ya kurɓa ta hanci yake fitowa, maganarsa kuma ta koma kamar ta mai magana a cikin tulu. Sannan aka yi mako shida ana kwantar da shi ƙarƙashin na'ura tana haska wurin don ta ƙone ragowar cutar. A mako na huɗu ya buɗe kwalbar miskin da ke aljihunsa, ya kai hanci, ya ja numfashi har kansa ya sara. Iska kawai ya ji. Ya rufe ya mayar, bai gaya wa kowa ba.

Yana cikin jimamin wannan bakin ya fara ƙin buɗuwa. Da farko hamma ce ta gagare shi, daga baya cokali ya fara karo da haƙoransa. Likitar ta kama yatsunsa ta ɗora ɗaya a kusurwar muƙamuƙi, ɗaya a gefen kai saman kunne.

"Cije. Ka ji abin da ya tashi? Tsokokin tauna ke nan. Akwai wasu biyu a ciki, bayan ƙashi, hannu ba ya kai musu. Hasken ya bi ta kansu, suna ƙanƙancewa kamar fatar da aka shanya a rana. Idan ba ka ja su kullum ba, za su rufe maka baki."

Ta ba shi ƙunshin 'yan katakan nan masu faɗi da ake danne harshe da su. Zai jera su ɗaya kan ɗaya tsakanin haƙora, ya tura wani a tsakiya har sai ya ji kamar kunnensa zai tsage, ya riƙe. Sau biyar a rana.

Matarsa tela ce, kekenta a falo yake. Duk lokacin da sa'ar ta yi sai ta tsayar da ɗinki ta zo ta zauna gabansa tana ƙirgawa. Da tara suka fara. "Baban yara, ƙara ɗaya. Shekara nawa ina roƙon ka rufe bakin nan ka ƙi, yau ga ni ina roƙon ka buɗe." Hawaye na zuba masa don azaba, yana dariya ta hanci. Cikin wata biyu suka kai goma sha uku. Ya ci shinkafa da hannunsa, har da 'yar tsokar kifi.

Sai ya koma shago. Bai taɓa rubuta haɗinsa a takarda ba, domin hancinsa ne ma'auni, amma ya ce hannu ai bai manta ba. Ranar ta uku wata tsohuwar malamar makaranta ta shigo, wadda shekara goma sha biyar turare ɗaya take saya a wurinsa. Ta yi masa barka da arziki, ya haɗa mata yana ƙirga ɗigo a zuci. Ta shafa a bayan hannu, ta shanshana, fuskarta ta ɗan motsa.

"Ya yi," in ji ta. "Allah ya ƙara sauƙi." Ta karɓa ta fita da sauri.

Ƙaninsa ya daɗe yana goge kantar da ba ta da ƙura. Can ya ce, "Yaya, man sandal ɗin nan da ka zuba ya lalace. Tun kana asibiti zafi ya buge shi. Na manta ban zubar ba."

"Ya aka yi ka sani?"

"Wari yake yi, Yaya. Tun daga nan nake ji."

Hanci ya dubi kwalaben da ke jere har rufi, fiye da ɗari biyu, kowacce ya san ta kamar 'yarsa. Ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya lura da kwalaye uku da aka tura ƙarƙashin kanta, cike da turaren kamfani wanda aka riga aka haɗa. Ƙanin ya sunkuyar da kai. Hanci ya wuce, don ya san 'ya'ya huɗu ba sa jiran hancin kowa ya warke.

Bai sake zuwa shagon ba. Ya ci gaba da katakansa, amma lissafin ya fara komawa baya. Goma sha ɗaya. Tara. Matarsa ta ce ko sanyi ne, ko ya gaji ne, su ƙara ƙoƙari. Ta daina barkwancin. Wani ciwo ya taso daga can cikin kunci yana harbawa zuwa kunne. Da suka sauko shida, abin robar ya daina shiga bakinsa. Ya juya shi ta kowace fuska a gaban madubi har leɓensa ya fashe, daga ƙarshe ya saka shi a kofi ya tura bayan kabad.

Daga ranar abinci ya koma abin da aka markaɗa aka tace, ana tura masa da sirinji ta gefen baki, rabi ya wuce, rabi ya dawo ta hanci. Ya hana yara zama idan yana ci. Maganarsa matarsa kaɗai ke ganewa, ita ma sai ya maimaita, don haka ya koma rubutu a bayan takardun awon ɗinkinta.

Aka sake hoto. Wannan karon likitar ba ta ɗauko komai daga kan kabad ba.

"Ba ƙanƙancewa ba ce kaɗai. Ƙarin ya dawo, a cikin tsokokin nan na ciki, ya kai gindin ƙoƙon kai. Wuƙa ba ta zuwa wurin."

"To a sake haskawa," in ji matarsa.

"Wurin ya ɗauki iya abin da zai iya ɗauka. Abin da ya rage mu rage masa ciwo, mu sa masa bututun roba zuwa tumbinsa don abinci."

Hanci ya ja takarda ya rubuta: katakan fa? Likitar ta karanta, ta ce a hankali, "Ka huta da su."

Bayan kwana goma da sa bututun, wata rana da azahar yara suna makaranta, ya ji keken ɗinki ya yi shiru. Ya tashi yana dafa bango ya nufi kicin neman ruwan jiƙa leɓe. Ya sami matarsa tsaye a lungu bayan ƙofa, ta juya baya, da ɗan burodi a hannu, tana tauna a hankali yadda ba za a ji ba. Sai a lokacin ya ga yadda rigarta ta yi mata yawa, ya kuma tuna rabon da ya ga ta ci wani abu tun kafin a sake hoton.

Ta juyo ta gan shi, ta ɓoye hannun a bayanta kamar wadda aka kama da sata.

Ya kama hannunta ya jawo ta falo. Ya zaunar da ita, ya koma ya zubo mata abincin yara a faranti, ya ajiye a gabanta, ya zauna yana kallonta. Ya rubuta: ki ci a nan.

"Baban yara, na ƙoshi."

Ya buga yatsa a kan takardar.

Ta ɗebi loma ɗaya ta sa a baki. Ta tauna sau biyu, ta tsaya. Ya tura farantin kusa da ita. Ta sake ɗiba tana kuka, shi kuma ya zauna yana jira har ta cinye.