Jakin da Ya Kwanta a Hanyar Kebbe

Namadi na riƙe da wayar caji da haƙori, yana lallaɓa kwamfuta ta kunnu, sai yayarsa Madina ta zungure shi. "Gyara hularka, ga Alhaji Ɗangiwa nan tafe. Kuma ka saki fuska, sai ka ce mai zaman makoki."

Baje kolin sana'o'in matasa ake yi a Tambuwal, an cusa teburinsa tsakanin mai sabulun ruwa da mai kajin gidan gona. Shi wasan kwamfuta ya kawo, wanda ya haɗa da hannunsa: jaki kake korawa da kaya daga Fakku zuwa kasuwar Kebbe, kana kauce wa rami da awaki da masu karɓar haraji.

A ofishinsu shi kaɗai ya san kan kwamfuta, don haka shi ne mai buga takarda, shi ne mai katin biki, shi ne mai gyaran wayar matar oga. Kowa ya ce Namadi, ya ce to. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya wanke ta, har wasan nan da yake ƙauna ya fara fita masa a rai. Alhaji kuwa, mai injinan casar shinkafa, ya yi alkawarin ɗaukar nauyin matashi ɗaya. In Namadi ne, shi da ofis sai a lahira.

Alhaji ya iso da 'yan rakiya, ya tattare babbar riga ya zauna. Aka nuna masa maɓallin gudu. Shi ke nan, ya danne shi kamar ya kama ɓarawo. Jaki ya zuba a guje, 'yan rakiya na ta "Sai Alhaji!" Ana dab da kasuwa jaki ya ja birki, ya yi hamma, ya kwanta a tsakiyar hanya ya lumshe ido.

"Kai! Mi as same shi?"

"Gajiya ce, ranka ya daɗe. In ba a tsaya an ba shi ruwa da inuwa ba, kwanciya yake. Sai ya huta."

Alhaji ya yi dariya har hula ta karkace. "Wanga yaro shegen kai gare shi! Na ɗauke ka. Amma ka cire wagga kwanciya, jakina ba shi kwana bisa aiki. Ka liƙa sunan shinkafata ga buhunnan. Tunda ka san na'ura kuma, ka riƙa duba ta ofishina da ta yara. Jumma'a nika son shi."

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Madina ta taka masa ƙafa. "To" ɗin Namadi ta kullum ma ta riga ta taso, ta san hanya, har ta kawo leɓe. Namadi ya dubi jakin yana barci, cikinsa na hawa da sauka hankali kwance, wallahi sai da hassada ta kama shi.

"Alhaji, da gangan na kwantar da shi. Duk duniya shi kaɗai na iya ba hutu. A'a."

Alhaji ya tambayi na kusa da shi ko yaron nan na da lafiya, ya kakkaɓe riga ya yi gaba. Bayan la'asar aka sanar mai sabulu ce ta ci, mata suka rangaɗa guɗa.

"Ka kyauta," in ji Madina. "Arziki ya zo har gabanka, ka kore shi saboda jakin ƙarya. Litinin sai ka koma inda ka fito. Tashi ɗauki teburin ga, mota na jira."

Namadi na zaune a ƙasa, ya jingina da ƙafar rumfa.

"A'a, Yaya."

Ta ɗaga hannu za ta kai masa ranƙwashi, sai ta ga idonsa taf da hawaye, ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta ja tsaki, ta naɗa gammo da mayafinta, ta ɗora tebur a ka.

"Zauna nan, ɗan banza. Bari in samo maka fura."