Na'urar Ƙanwar Oga

Duk zuwan da Auta za ta yi ofishin 'yan kwana-kwana, amsar ɗaya ce: madalla. Madallar nan ta ishe ta.

Ita injiniya ce. Wani ɗan akwati ta ƙera wanda ake maƙalawa a ɗamara. Idan mai kashe gobara ya faɗi cikin hayaƙi ya daina motsi, sai ya yi ta ƙara har a gano shi. Ta raba musu ne don su gwada, su fito mata da aibunsa kafin masana'anta ta fara bugawa. To amma yayanta ne shugaban tawagar, wa zai kushe aikin ƙanwar oga?

"Dogo, ya ka same shi?" ta tambayi mai riƙe tiyo.

"Wallahi ba laifi, Auta."

"Direba fa?"

"Ai sai godiya."

Godiyar me, kamar ta raba musu tsaraba? Ta wuce ɗakin kaya, inda rigunan aiki ke rataye suna warin hayaƙi, ta ɓalle na'urar Dogo. Babu batir. Ta buɗe ta gaba, an toshe bakinta da tsumma. Ta kwaso su a hannu ta zube a kan tebur, kowa ya shiga sosa ƙeya.

Da ƙyar Dogo ya amayar da gaskiya. In mutum ya tsaya cak yana feshin ruwa, sai abin ya ɗauka ya suma, ya cika kunne har ba a jin rediyo. Ga maɓallin kashewa ɗan mitsitsi, safar hannu ba ta kama shi.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Tun gwajin farko."

Auta ta juya wajen yayanta, wanda ya duƙufa yana goge takalmin da ba shi da datti. "Yaya, taka fa?"

"Tana cikin aljihun tebur," ya ce. "Na ga wahalar da kika sha, ban so mu karya miki gwiwa ba. Ni na ce su yi shiru."

Takaici ya kama Auta, ga tsoro a ƙarƙashinsa. "Da an buga shi a haka, kai za ka fara shiga wuta da shi, babu batir. Ran da aka kasa gano ka, me zan ce wa Umma? Kara ka yi mini?"

Yaya ya ajiye takalmin, ya jawo aljihun teburin ya ɗauko tasa na'urar.