Faifan da Injiniya Ya Wanke

Firjin allurar rigakafi ɗaya ne a ƙaramin asibitin Hajja da ke Sintali, ni Bushra ni ke kula da shi. In masu duba asibitoci suka zo ba su ga bayanin sanyinsa ba, kwashe allurar suke yi. Shi ya sa na haɗa wata 'yar kwamfuta, allo ɗaya tal kamar tafin hannu, tana rubuta sanyin firjin duk minti goma.

Ɗauke wuta ya kashe min katin memori uku, sai na sake dabara. Katin ya zama tada ta kawai yake yi ya nuna mata hanya. Manhajarta da duk bayananta kuwa na mayar kan wani faifai na waje da na jona mata da waya. Shekara biyu ko tari ba ta yi ba.

Sai Allah ya haɗa mu da Abdulmuttalib, ƙanin Hajja. Kwas ɗin sati uku ya yi a Yola, ya dawo da kati rataye a wuya an rubuta Injiniya. Da na nemi faifai na biyu don ajiye kwafi, shi ya ce wa Hajja ɓarna ce. Hajja kuwa in ya ce rana daga yamma take fitowa, can za ta juya.

Ana gobe masu dubawa za su zo, na tafi ta'aziyya garin Mutum Biyu. Da la'asar na dawo na tarar da kwamfutar ta tsaya cak, tana jiran faifan da babu shi. Takardar da na manna, mai cewa KADA A CIRE, tana kwandon shara.

Na nemo Abdulmuttalib, wanda muke kira Hamma, wato yaya. "Hamma, ina faifan nan?"

"Wannan filash da yake lilo kamar jelar akuya? Baƙi za su zo, wurin ya zama nit, tsaf-tsaf. Na cire shi."

Na yi ajiyar zuciya. "To ba ni in mayar. Kwamfutar gaba ɗaya a cikinsa take."

Ya yi min dariyar da ake yi wa ɗan ƙauye. "Kwamfuta a cikin filash? Ke kam! Ma na taimake ki. Na sa shi a laftof nawa, ya ƙi buɗewa, ya ce sai an yi fomat. Bairos ne ya cika shi. Na wanke miki shi tas."

Laftof ɗinsa ne bai iya karanta irin tsarin faifan ba. Laftof ɗin ya tambaye shi har sau biyu ko ya tabbata, shi kuwa Injiniya bai taɓa rashin tabbata ba a rayuwarsa. Haushi ya cika ni.

"Ba za ki ce useko, ki gode masa ba?" in ji Hajja daga bakin ƙofa.

Washegari Madam Patricia, shugabar masu dubawa, ta saurari bayanina da tausayi, ta kuma sa aka loda allurar a cikin kular ƙanƙara aka kai mota. Hajja ta yanke hukunci cewa daga yau harkar kwamfuta ta koma hannun wanda ya karance ta.

Ranar Talata, ranar rigakafi, mata suka cika benci da goyo. Injiniya yana ciki ƙarƙashin fanka yana goge katin wuyansa. Ni aka tura waje in gaya musu babu allura. Ta farko a layi Sumayya ce, ta taho da 'yan biyunta tun daga Nukkai a ƙafa.