Layi Tara Da Ba A Karanta Ba

Ai mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo ba a yi masa wayo da lokaci, ko da idonsa ya tafi. Baba Agogo ke nan. Ciwon ido ya cinye masa gani shekara shida da suka wuce, ya rufe shago, ya dawo ɗakinsa da agogon bango guda ɗaya da akwatin ƙananan sukudireba da ya ƙi sayarwa. Amma yatsun nan nasa, wallahi ko gashi ɗaya ya faɗi a kan tebur sai sun same shi.

Matarsa ce idonsa har ta kwanta ciwon ajali. Ranar da ta ga tafiya ta zo, ta kira ƙanwarta, wadda kowa ke ce wa Malama saboda ta koyar a firamare har ta yi ritaya. Ta ɗora hannun Malama a kan Littafi Mai Tsarki ta ce, "Ki zame masa ido. Duk takardar da ta shigo gidan nan ki karanta masa, ba ragi ba ƙari." Malama ta ce ta ɗauka. Tun daga nan kowace Laraba, in an tashi taron mata a coci, sai ta biyo da jakarta da tabaranta. Ruwa ko rana, shekara biyu ba ta yi fashi ba.

Takardar da ake jira kuwa ɗaya ce, wasiƙar Auta, ɗansu tilo da ya rage. Direba ne. Shekara uku ke nan yana gidan yari, an ce ya buge wani mai keke da mota ya gudu, mutumin ya mutu. Auta ya rantse wa ubansa ba shi ke tuƙi ba ranar. Baba ya yarda, kuma duk Laraba yana azumi, roƙonsa guda, Ubangiji ya wanke ɗansa. Fasto kan kai ziyara gidan yarin sau ɗaya a wata, shi ke kawo wasiƙar.

Rannan Malama ta shigo tana haki, ta ja kujera.

"Sannu da hutawa, mijin Yaya. Har yanzu kana nan kana gadin agogon da ba mai sata?"

"Ina gadinsa daga irinki. Ke da tun kina yarinya ba a barinki da tukunyar yayarki. Karanta mini, kada ki cinye rabin."

Ta yi dariya, ta buɗe. Auta yana gaisuwa, ƙafarsa ta warke, an sa shi a ɗakin kafintoci, ya soma zuwa sujada da ake yi musu. Ta juya shafi na biyu, ta yi ɗan karatu, sai ta tsaya, ta yi gyaran murya, ta ce, "Ɗanka, Auta." Ta ninke.

Baba ya karɓi takardar. Amma kunnensa na kan agogon bango. Shafin farko ya ci minti biyu cif. Na biyu ko minti ɗaya da rabi bai kai ba. Kuma Malama, da takan zauna har ta ishe shi da labarin wa ya yi aure wa ya haihu, ranar ko shayin da ya dafa mata ba ta shanye ba.

Da ta fita ya shimfiɗa takardar a tebur, ya kife ta. Auta in yana rubutu danna biro yake kamar mai sassaƙa, har ya fito ta baya. Baba ya bi da ɗan yatsa, layi layi. Shafin farko talatin. Na biyu ma talatin, cike har ƙasa. Ya yi lissafinsa irin na masu agogo, ya ga kamar layi tara sun ɓace a bakin Malama.

To, zato kuwa in ya shiga ɗakin makaho, ba ya rasa wurin zama. Mako guda Baba yana juya abin. Ko Auta ba shi da lafiya, an ɓoye masa? Ko an ƙara masa shekaru? Ran Asabar wani tunani ya zo masa da ya sa ya ture abinci, ko yaron ya mutu tun tuni, Malama da Fasto ke haɗa baki suna rubuta wasiƙun? Ya ɗauko tsofaffin daga cikin gwangwani, ya shafa, ya shinshina, ya gwada nauyin hannun. Iri ɗaya ne. Amma malamar makaranta ai ta san hannun yara kala-kala.

Ran Lahadi a coci ya kasa kunne yadda mutane ke gaishe shi. Wani dattijo ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Me ya sani? Fasto ya ce, "Baba, ya ƙarfin jiki?" Me ya sa bai ce ya gida ba? Sau biyu ya sa wasiƙar a aljihu zai kai wa mai shagon magani na bakin titi, sau biyu ya dawo daga ƙofa. In ya ba wani ya karanta, ya ce wa duniya ƙanwar matarsa maƙaryaciya ce. In kuma ta tabbata haka, to ba shi da sauran ido a duniya.

Laraba ta zagayo. Ya ji takunta a tsakar gida, ba sauri yau.

"Mijin Yaya, na kawo maka takardar kuɗin wuta da ta asibiti."

"Ajiye su. Wasiƙar Auta za ki sake mini. Shafi na biyu."

"Ai na karanta maka."

"Tsufa, na manta. Zo nan kusa. Ke ki karanta, ni in bi da yatsa."

Ya ji ta cire tabarau, ta mayar. Ta soma, yatsansa na sauka layi bayan layi. Da ta kai inda ta tsaya wancan makon, yatsan na nan bai kai ƙasa ba.

"Ci gaba, Malama."

"Mijin Yaya..."

"Ya mutu?"

"Kai! Wa ya ce? Yana nan da ransa!"

"To hannun wa ye wannan?"

"Nasa mana! Au, ni kake zato? Ni?" Ta dafe ƙirji. "Shekara biyu ina taka ƙafa zuwa gidan nan."

"Na sani. Shi ya sa ban kai wa kowa ba. Amma me kika ce wa yayarki?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, a hankali, "Ba ragi ba ƙari. Kwana bakwai maganar nan ba ta bar ni na ci abinci ba. Likita ya ce jininka ba ya son tashin hankali. Na ce in na karanta na kashe ka, in na ɓoye na ci amanar matacciya. Na roƙi Ubangiji, na ce ni ba ni da ƙarfin buɗe baki, in yana so a ji, ya buɗe da kansa. Ban san ta yatsanka zai biyo ba."

"To ya buɗe. Naki karatu ne. Jinina kuma ki bar wa wanda ya zuba shi."

Ta tashi ta ɗebo ruwa a kofi, ta ajiye ƙwayar maganinsa kusa da hannunsa, ta yi gajeriyar addu'a cikin sunan Yesu. Sannan ta karanta, ba ta tsallake ko wasali ba.

"Baba, akwai abin da na kasa ɗauka kuma. Ni ke tuƙi ranar. Na sha giya. Na ji ƙarar keken a ƙarƙashin mota, na ga mutumin a madubi, ban tsaya ba. Na yi maka rantsuwar ƙarya, Mama ta tafi da ƙaryata a kunnenta. Na faɗa wa Allah, yanzu ina faɗa maka. Mutumin ya bar mata da 'ya'ya biyu, Fasto ya san gidan. Ni ba ni da ƙafar zuwa. In har yanzu ni ɗanka ne, ka je mata a madadina."

Baba ya zauna kamar an dasa shi. Malama na kallon jijiyar wuyansa tana harbawa. Hannunsa ya lalubo ƙwayar, ya haɗiye, ya shanye ruwan duka. Hawaye suka gangaro daga idanun nan da ba sa gani, bai share ba.

"Shekara uku," ya ce. "Shekara uku ina kai ƙarar mutanen da ba su yi mini komai ba gaban Ubangiji. Alƙali, da shaidu, har matar nan, na ce sun ƙulla wa ɗana. Ita tana can da marayu."

"Ka yafe mini, Yaya."

"Ke kuma kada ki sake tace mini magana kamar jariri. Me ya rage a ƙasa?"

"Ɗanka, Auta. Shi ke nan, wallahi."

Ya shafa ƙasan takardar, ya gyaɗa kai.

"Kira Fasto ki tambayi gidan. Gobe za mu je, in kina da hali."

"In ta kore mu fa?"

"Sai mu koma jibi. Duba mini rigata mai ruwan toka a cikin akwati, ina jin maɓalli ɗaya ya fita."