Ranar da Na Gasa Waƙar Nazih

"Umm Jad, wannan ma ki gasa mana," in ji Ghida, ta dire tire a kan kantata, tsakanin kibben matar tela, wato dakakken nama da alkama, da dankalin gidan Hamdan.

Na ɗaga tawul ɗin da ta rufa. Ba nama, ba kifi. Wani tef ne irin na da, naɗe a kan faifai kamar ƙaramin faranti.

"Ke, lafiyarki kuwa? Shekara talatin da huɗu ina gasa wa mutanen unguwar Basta abinci, ba a taɓa kawo min roba ba."

"Nazih ne ya aiko ni. Ya ce duk Beirut babu mai hannunki."

Nazih maƙwabcina ne, ɗakinsa daidai saman tandata ta gasa burodi. Shi ne makaɗin ganguna na ƙungiyar Khazzan, masu jitar lantarkin nan da suka hana unguwa sakat a zamaninsu. Ghida ce mawaƙiyarsu, yanzu ita ma furfura ta cim mata. Ƙungiyar ta watse tuntuni, sai ga yaran zamani sun tono su, aka ce a tattara tarkacen waƙoƙinsu a fitar: waɗanda aka maƙala a bayan faifai don cike gurbi, da waɗanda ba su taɓa fita ba. An samu goma sha ɗaya. Ta sha biyun ce a kan kantata, ita kaɗai Nazih ya taɓa rerawa da bakinsa, kuma ba ta da wani kwafi a duniya. Shi kuwa tun makon jiya likita ya sallamo shi gida, ya ce ciwon huhun ya fi ƙarfin magani.

"Laimar teku ce ta sa shi danƙo," Ghida ta ce. "In aka kunna shi a haka, na'ura za ta kankare waƙar. Sai ya yi awa takwas a zafi kaɗan. In zafin ya zarce kuma, narkewa zai yi."

Na hau sama na same shi a jingine da matasai, ya rame ƙwarai, amma bakin nan yana nan yadda na san shi.

"Abu Ganga, in abin nan ya narke a hannuna fa?"

"Kin huce haushin shekara ashirin da biyar ke nan." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Sau ɗaya nake so in ji ta, maƙwabciya. Na manta yadda muryata take kafin taba ta cinye ta."

Wallahi tsoro ya kama ni. Na saba ƙona burodi in ba da haƙuri, amma wannan in ya ƙone ba a sake kwaɓa wani.

Washegari ban kunna wuta ba. Na bar tanda da ɗumin jiya, na zura gwiwar hannuna har na ji ya ɗan ɗara na madarar da za a kafa nono, sannan na tura tiren. Ghida ta zo da ma'aunin zafi, bini-bini ta cusa shi ta zaro, duk abin da gwiwata ta faɗa shi yake maimaitawa. In ɗumi ya sauka, in ɗora bulo a risho in kai shi can lungu. In ya hau, in buɗe ƙofa. Masu tire kuwa suka yi ta zuwa ina sallamarsu.

"Me ke ciki da ya fi kibbena daraja?" in ji matar tela.

"Waƙa."

"Ta wa?"

"Ta Nazih."

Ta kalli tagarsa. "To ki kula kar ta ƙone. Mu ma ci cuku yau."

Da la'asar na fito da shi lafiya lau, muka bar shi ya huce. Kashegari da hantsi Ghida ta kinkimo tsohuwar na'ura zuwa ɗakin Nazih, ta jona ta da kwamfuta. Sannan ta danna.

Ganguna suka fara, jita ta shigo, sai ga muryar Nazih yana matashi. Allah ya gafarta min, kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Shi kuwa ya lumshe ido, yatsunsa biyu na bin kiɗan a kan bargo. Ana tsakiyar waƙar sai wani ƙwal, ƙwal, ƙwal ya kutso, tare da muryar wata mata daga ƙasa: "Kai, Nazih! Yarana barcin rana suke yi! Allah ya isa tsakanina da gangar nan!"

Ni ce. Ni ce nake dukan bututun ruwa da katakon zura burodi. Maimakon ɗan banzan ya tsaya, sai ya karkata gangarsa ta bi dukana, muka tafi tare har ƙarshen waƙar.

Kunya ta rufe ni, na ja mayafi na kare fuska. Nazih na dariya hawaye na bin kumatunsa.

"Don wannan ihun muka jefa ta akwati," Ghida ta ce. "Yanzu kam zan iya goge shi."

"Ki goge ni, ki bar ta," in ji shi. "Tun a lokacin na gaya muku ta fi ni riƙe kiɗa. Kuma ki sa sunanta a bangon faifan. A sake min."

Sau biyar aka sake masa. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, Allah ya jiƙansa, kuma na yi kukan da ban zaci zan yi wa mai ganga ba.

Bayan kwana uku na kunna tanda, na jera burodin farko. Sama shiru. Na ɗaga katakon na ƙwanƙwasa bututun sau uku, na tsaya ina sauraro har gefen burodin ya fara yin baƙi.